Samanja a Barikin Soja: Tambayoyi da Amsoshi Kan Aikinsa da Rayuwarsa

Duk gidan da ke da ɗa a soja sun san wannan: yaro zai zo hutu ya yi kwana uku yana ba da labari bai ambaci janar ko ɗaya ba, amma "RSM ɗinmu" ba ya barin bakinsa. Wani lokaci da tsoro, wani lokaci da dariya, wani lokaci kamar yana zancen mahaifinsa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da matan soja da samarin da ke son sa kaki suka fi yi game da wannan mutum, wato babban samanjan bataliya da sojoji ke kira RSM. Bayanin ya fi karkata ga Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya.

Samanja hafsa ne ko ƙaramin soja?

Ba hafsa ba ne. Soja hanya biyu ake shigarsa. Hafsa yana fitowa daga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna ko wani kwas na hafsoshi, Shugaban Ƙasa ne ke ba shi takardar hafsanci, kuma tun ranar farko yana da ikon ba da umarni. Ƙaramin soja kuwa daga Depo yake farawa, wadda aka kafa a Zariya tun 1924. Yana shiga a kurtu, ya sha horon kimanin wata shida, ya fito farabiti hannu ba komai. Daga nan sai hawa tsani: igiya ɗaya laskofur, biyu kofur, uku saje, uku da mikiya a kai sitaf saje. Bayan wannan igiya ta ƙare, sai warant ofisa, sai masta warant ofisa. Akwai wani mataki guda a sama da wannan wanda ƙalilan ne ƙwarai ke taka shi kafin su yi ritaya.

Waɗannan na ƙarshen su ne Bahaushe ke kira samanja. Suna saman duk ƙananan sojoji, suna ƙasan duk hafsoshi, har da wanda ya fito makaranta jiya.

To RSM fa, shi ma muƙami ne?

A'a, kujera ce. Bataliya tana iya samun masta warant ofisa fiye da ɗaya, wani a sito, wani a ofishin kuɗi, wani a garejin motoci, amma RSM ɗaya tak take da shi, kuma shi ne babba a kansu ko da akwai wanda ya girme shi a shekaru. A ƙasa da shi kowane kamfani, wato rukunin sojoji ɗari da 'yan kai da manjo ko kyaftin ke jagoranta, yana da nasa samanjan da ake kira CSM. Kowane falatun na mutum talatin da wani abu yana da saje. Umarni ta wannan layin yake gangarowa, labari ma ta nan yake hawa. A sama da bataliya, birged da babbar runduna suna da nasu RSM, har hedikwatar soja a Abuja.

Yaya yininsa yake a bariki?

Kafin a busa begilar asuba ya riga ya tashi, domin ba zai yiwu mai duba makara ya makara ba. Idan Musulmi ne daga masallaci yakan zarce ɗakin masu gadin ƙofa, ya ji abin da dare ya haifar: wa aka kama ya tsallake waya, wa aka kulle a gadirum, matar wa aka kai asibiti, motar wa ta shigo ƙarfe biyu. Sai motsa jiki, sai faretin safe.

A faretin safen nan ne ainihin aikin yake, kuma lissafi ne. Kowane CSM zai kawo adadin mutanensa: nawa ke tsaye a fili, nawa ke gadi, nawa ke asibiti, nawa ke kwas, nawa suka tafi da fas (izinin tafiya gida), nawa ke fagen daga, nawa ba a san inda suke ba. Dole jimillar ta yi daidai da abin da ke cikin littafi. Mutum ɗaya ya ɓace a lissafi, ba wanda zai karya kumallo cikin kwanciyar hankali. Haka ake yi wa bindigogi da harsasai a ma'ajiyar makamai, kuma can abin ya fi tsanani, don soja yana iya dawowa da ƙafarsa amma bindiga ba ta dawo da kanta.

Da ya miƙa lissafi ga ajutan, wato hafsan da ke riƙe da ofishin kwamanda, sai ya shiga wurin kwamanda su gana. Sauran yinin ba shi da tsari ɗaya. Zai zaga layukan gidaje ya ga kwata da shara, ya leƙa kicin ya ɗanɗana abin da aka dafa wa masu gadi, ya duba jadawalin aiki, ya shigar da masu laifi gaban kwamanda, ya saurari wanda alawus ɗinsa ya maƙale, ya raba faɗan maƙwabta a kan igiyar shanya. Da yamma ya duba masu karɓar gadi tun daga hula har takalmi. Da dare akwai kiran suna na ƙarshe, kuma samanjan da ya san aikinsa yakan ɓullo wa masu gadi a lokacin da ba su zata ba, ƙarfe ukun dare, a ƙafa, ba fitila.

Me ya sa kullum cikin ihu yake?

Ba kullum ba ne, a fili ne kawai ake ganinsa. Mutanen Arewa da dama hoton samanja da ke kansu shi ne na marigayi Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya yi suna da wasan Samanja a rediyo da talabijin a Kaduna: gashin baki, kumfar baki, Hausar bariki. Akwai gaskiya a ciki, amma wannan ɓangaren bai kai kashi ɗaya cikin goma na aikin ba.

Filin fareti mallakarsa ne, ko hafsa ba ya ratsa shi yadda ya ga dama. Murya kuwa kayan aiki ce: mutum ɗari biyar ba za su ɗaga ƙafa lokaci guda da raɗa ba. Sandar nan da yake maƙalewa a hammata, mai buɗewa gida biyu, ta auna tsawon taki ce da tazarar layi, ba ta duka ba. Amfanin faretin kansa shi ne jiki ya saba bin umarni kafin tsoro ya samu damar yin magana. Ranar da harsashi ke shawagi aka ce "kwanta", wanda ya tsaya tunani shi ake ɗaukowa.

Wani abin lura: tsofaffin samanjoji da yawa in ka same su a ofis, muryarsu ƙasa-ƙasa take. Sai ka matso kafin ka ji.

Gaskiya ne yana sara wa yaron da ya haifa?

Gaskiya ne. Ƙaramin laftanar ɗan shekara ashirin da uku zai wuce, samanja mai furfura da ya yi Laberiya da Saliyo da Darfur zai ƙame ya sara masa ya ce "Sa". Farar hula na ganin wannan kamar wulaƙanci. A wurin soja takardar Shugaban Ƙasa da ke kafaɗar yaron ake sara wa. Shi samanja ba a sara masa, ƙamewa ake yi a gabansa.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Laftanar mai hankali ya san cewa duk abin da ya karanta, bai san wane kofur ne ke da ciwon gwiwa yana ɓoyewa ba, bai san wane direba ne ke iya fitar da mota daga yashi ba. Sajensa ya sani. Rainon sababbin hafsoshi yana cikin aikin samanja ko da ba a rubuta ba, kuma da ladabi ake yinsa. Ba zai ce "ka yi kuskure" a gaban yara ba. Zai jira a watse ya ce, "Sa, da za a bar su su ci abinci tukuna, da tafiyar ta fi sauri." Wanda ya ji ya huta. Wanda ya ce ai shi hafsa ne, za a yi masa "Yes Sa" a aikata abin da ya faɗa daidai yadda ya faɗa, ya gani da idonsa.

Mece ce dangantakarsa da kwamanda?

Nan ne kujerar take da nauyi, kuma nan ake gane na ƙwarai. Kwamandan bataliya laftanar kanar ne, yakan yi shekara biyu ko ƙasa da haka a canja shi. Yana da iko duka, amma akwai katanga tsakaninsa da farabiti wadda ba zai iya tsallakewa ba: duk inda ya doso an riga an share, an ƙame, an ce "lafiya lau, Sa". RSM ne kaɗai ƙaramin sojan da ke shiga ofishinsa kai tsaye, ya rufe ƙofa, ya faɗa masa abin da hafsoshinsa ba su sani ba ko suke tsoron faɗa. Cewa abincin ya lalace. Cewa yaran da ke wancan sansanin sun wuce lokacin da aka ce za a canja su, matansu sun fara taruwa. Cewa hukuncin jiya ya yi tsauri, bariki na gunaguni.

Idan ya fito kuwa, ko an karɓi shawararsa ko ba a karɓa ba, umarnin kwamanda zai aiwatar kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ba zai taɓa cewa "ni ma ban so ba" a gaban yara. Wannan zaman tsakiyar ne ke sa aikin kaɗaici: ba ya cikin hafsoshi, kuma ya daina zama abokin hirar waɗanda suka shiga Depo tare.

A ganina mafi munin samanja ba mai zafi ba ne, wanda ke kai wa kwamanda labari mai daɗi kaɗai ne. Gunagunin soja in bai samu hanyar hawa ba, yakan nemi wata. A watan Mayun 2014 a Barikin Maimalari da ke Maiduguri, sojoji da suka ga gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna sun buɗe wuta a kan motar babban kwamandansu. Kotun soja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Dalilan wannan lamari suna da yawa, ba a kan mutum ɗaya suke ba. Amma irin wannan ranar ce ake ajiye samanja domin kada ta zo, kuma shi ya sa ake yin taron da kwamanda ke zama da ƙananan sojoji kowa ya faɗi damuwarsa.

Yana da ikon hukunta soja da kansa?

Iyakarsa ƙananan gyare-gyare: ƙarin fareti, ƙarin gadi, yankan ciyawa, share kwata. Yana iya sa a tsare soja a gadirum kafin a gurfanar da shi, kuma 'yan sandan bataliya a ƙarƙashin idonsa suke. Amma shari'a ta kwamandan kamfani ce ko kwamandan bataliya, bisa Dokar Rundunonin Soja, manyan laifuka kuma sai kotun soja. Cire igiya, yanke albashi, kora, duk ba nasa ba ne. Nasa shi ne ya shigar da mai laifi da sauri-sauri, ba hula ba bel, ya tsayar da shi gaban tebur.

Duka ba ya cikin doka, ko da yake ba wanda zai rantse ba a yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan laifukan da ke mutuwa a ofishin samanja. Sau da yawa yakan zaɓi ya wahalar da yaro yini guda a rana maimakon a rubuta masa laifin da zai bi takardarsa ya hana shi igiya shekaru. Yaron zai tsine masa a ranar, sai ya girma ya gane.

Me ya haɗa shi da matan soja da kasuwa?

Bariki gari ne. Akwai makaranta, masallaci, coci, asibiti, da kasuwar mami inda ake sayar da komai daga kifi zuwa katin waya. Tsabtar layuka, rabon ɗakuna, baƙon da ya kwana ba a sanar ba, lokacin tashin kasuwa, duk suna biyowa ta teburinsa. A ɓangaren mata yana aiki da magajiya, shugabar matan ƙananan sojoji, wadda ita ke fara jin rikicin kishiyoyi, da matar da mijinta ya tafi daji ya bar ta ba ko ƙwayar shinkafa. Abin da ya fi ƙarfinta ta kawo masa.

Shi ne kuma uban mes na saje-saje da warant ofisoshi, wato gidan cin abinci da shaƙatawarsu, inda hafsa ba ya shiga sai da gayyata. Bikin WASA na ƙarshen shekara, da kowace ƙabila ke fito da rawarta a yi jan igiya a kunna wuta, shi ke tsara shi. Faretin 15 ga Janairu na tunawa da mazan jiya da na Ranar Soja 6 ga Yuli, makonni yake yi yana gumi a kansu.

A fagen daga fa, me yake yi?

Hafsa yana kallon taswira da abokan gaba, samanja yana kallon mutanensa. A tsarin da aka gada, samanjan kamfani ne ke tabbatar da harsashi ya isa gaba, ruwa da abinci sun kai, an janye wanda ya ji rauni, an tsare wanda aka kama. Shi ke zagaya ramuka da asuba da magariba lokacin da kowa ke zama cikin shiri, don a waɗannan lokutan aka fi kawo hari. Shi ke lura da wanda ya daina cin abinci, wanda ya daina magana, wanda ya fara shan ƙwaya. A sansanonin Borno da Yobe ƙarƙashin Operation Hadin Kai, inda soja kan daɗe bai ga iyalinsa ba, wannan lurar tana ceton rai kamar yadda bindiga ke yi.

Bayan an yi artabu shi ke kiran suna. Shi ke tattara kayan wanda bai amsa ba, agogo, waya, 'yan kuɗin aljihu, ya rubuta, a kai wa magajin da mamacin ya sa a takarda. Shi ya sa za ka ji yana damun yara su gyara sunan magaji in sun yi aure. Ya sha ganin matar da ta zo da goyo aka duba takarda aka tarar da sunan wani wa da ya rasu tuntuni.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Daga sojan Ingila. Tushen sojan Najeriya ana kai shi ga 1863, lokacin da Laftanar John Glover ya tara wasu 'yan Arewa goma sha takwas a Legas, rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga baya Lugard ya haɗa rundunar Afirka ta Yamma a ƙarshen ƙarni na 19. Hafsoshi duk Turawa ne, Hausa ce harshen bariki, don haka Baturen da bai iya ta sosai ba dole ya jingina da samanja baƙar fata. A lokacin wannan kujerar ce ƙololuwar abin da ɗan ƙasa zai iya kaiwa.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Chari Maigumeri, mutumin Borno. Ya fara aikin soja a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya koma rundunarsu, ya zama RSM na bataliya ta uku, ya yi yaƙin duniya na biyu a Gabashin Afirka da Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa. Barikin Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. A Gana kuma akwai Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ne sojan Birtaniya na farko da ya harba bindiga a yaƙin duniya na ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914. Shi ma ya kai RSM.

Yaya ake kaiwa wannan matsayi, kuma yana iya zama hafsa?

Da shekaru, da kwasa-kwasai, da jarrabawar ƙarin girma, da takarda mai tsabta, da samuwar gurbi. Galibi sai an haura shekara ashirin a kaki. Akwai makarantar warant ofisoshi a Jaji da ake tura su. Zamanin samanjan da bai iya karatu ba ya wuce, yanzu rabin aikin takarda ne da kwamfuta, kuma da yawansu suna da difloma ko digiri.

Zama hafsa yana yiwuwa. Akwai kwas na musamman da ake ɗaukar manyan ƙananan sojoji a ba su hafsanci, yawanci su yi aikin mulki ko sito. Hafsoshin Najeriya na farko ma ta wannan ƙofar suka shigo: Aguiyi-Ironsi ya shiga soja a farabiti a 1942, ya yi samanjan kamfani, ya zama hafsa a 1949. Sai dai ba kowa ke so ba. Wanda bataliya guda ke rawar jiki in ya yi tari, ya koma laftanar mafi ƙanƙanta a mes ɗin hafsoshi yana da shekara arba'in da biyar, wasu sukan ce a bar su inda suke.

Mace tana zama samanja?

Tana zama. Akwai mata warant ofisoshi, kuma tun 2018 rundunar ta kafa sashen mata na musamman.

Ana samun lalatattu a cikinsu?

Ana samu, kuma ɓarnarsu ta fi ta lalataccen hafsa saurin isa ga farabiti. Wanda jadawalin gadi ke hannunsa yana iya sayar da shi: mai kawo goro a tura shi shingen hanya mai maiƙo, marar kowa a bar shi a daji. Fas na tafiya gida, ɗaki mai kyau, rumfa a kasuwar mami, sunan da za a tura kwas, duk wuraren jarraba ne. Ƙabilanci da addini ma sukan shigo. Sojoji suna yafe wa samanja zafi, har alfahari suke yi da shi a gaban 'yan wata bataliya. Son kai ne ba sa yafewa, kuma sun iya lissafin wanda ya yi gadi sau nawa fiye da akawu.

Haka abin yake a Nijar?

Aikin kusan ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta, domin Nijar tsarin Faransa ta gada. Can za ka ji sarjan, sarjan-shef, ajidan, ajidan-shef. Wani bambanci shi ne akwai makaranta a Agadas da saurayi mai takardar boko zai shiga kai tsaye ya fito sarjan, ba sai ya bi ta farabiti ba.

Ina da ƙorafi a kan wani soja, wurinsa zan je?

Idan ƙaramar magana ce, bashi, rikicin haya, soja ya yi wa 'yarka alkawari ya gudu, ofishin RSM ko na 'yan sandan soja ne inda aka saba farawa, kuma sau da yawa a nan take ƙarewa. Ka je da sunan sojan da bataliyarsa, da shaida in akwai, ka yi bayani a ƙofa a raka ka. Idan magana ce ta jini ko rauni ko fyaɗe, kada ka yarda a kashe ta da sulhu a ofis. Ka rubuta ƙorafi ga kwamanda, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka riƙe kwafi.

Bayan ritaya ina suke zuwa?

Iyakar aiki shekara 35 ce. Kafin fita akan tura su cibiyar koyon sana'a ta sojoji da ke Oshodi a Legas na wasu watanni, su koyi kiwon kaji, ɗinki, walda, harkar kasuwanci da makamantansu. Fansho da giratuti daga Hukumar Fanshon Soja a Abuja suke fitowa, sojoji ba sa cikin tsarin adashin fansho na ma'aikatan farar hula.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne gida. Mutum ya yi shekara talatin a ɗakin gwamnati, ranar da ya ajiye kaki dole ya ba da makulli, kuma wanda bai yi dabarar aza bulo tun yana saje ba yakan sha wahala. Da yawa sukan zama shugabannin masu gadi a bankuna da kamfanoni, wasu masu horo a makarantun kwana, wasu su koma gona. A unguwa kuma, ko ba a naɗa su ba, su ake kira in za a tsara 'yan sintiri ko a shirya layin rabon taki.